Shagon da turmi yake shiga aljihu

Abu na farko da na taɓa ajiyewa anini ne guda ɗaya, wanda na tsinta a cikin battar kakata bayan rasuwarta, haɗe da wuri uku da wani guntun kwalli da ya daskare. Ina aji biyar na firamare a lokacin, kuma babu wanda ya kula da battar a cikin masu rabon kaya, domin idon kowa yana kan tasoshi da zannuwa. Daga wannan anini tarin ya soma, har ga shi yau ya cika kabad mai gilashi a ɗakina, wanda uwargidana take kira kabad ɗin tarkace, jikokina kuwa suke kira kasuwar aljanu. Saboda haka idan na yi magana a kan shagon da ake sayar da ƙananan kaya a nan Jos, ina yin ta ne a matsayin wanda ya daɗe yana zuba kuɗinsa a wannan hanya, ya sha dacewa, ya kuma sha cuta.

Shagon yana kan hanyar da mutum zai bi idan ya taso daga kasuwar Terminus ya nufi gidan tarihi, a tsakanin wani mai ɗinkin hula da wani mai gyaran agogo. Ba shi da allon suna, kuma duk wanda ka tambaya a layin zai ce maka shagon Baba ne, domin haka yaro da babba suke kiran dattijon da yake zaune a ciki. Faɗinsa bai wuce taku huɗu ba, tsawonsa kuwa zai kai taku bakwai, an jera katakai a bango daga ƙasa har rufi, sannan akwai akwatin gilashi guda a gaban kujerar mai shagon, inda yake kulle abin da ya fi ji da shi. Na je sau biyar a cikin wata uku kafin na yanke shawarar rubuta wannan sharhi, domin shagon irin wannan ba a gane shi a zuwa ɗaya. Ranar farko mai shago yana auna ka, kai ma kana auna shi, kuma kayan kirki ba su cika fitowa daga ƙarƙashin tebur ba sai an saba.

Abin da baƙo zai fara cin karo da shi a bakin ƙofa shi ne mafi raunin abin da ke shagon: ƙananan hasumiyoyin Faransa na roba, da jajayen motocin bas na Landan, da maƙalan makulli masu hoton dogayen gine-ginen Dubai, duk irin waɗanda ake kawowa cikin kwali daga waje. Da na yi masa ƙorafi a kansu, Baba ya ce da ni, "Malam, waɗannan su ne suke biyan kuɗin haya, na ciki kuwa su ne suke hana ni rufe shagon." Ban iya musa masa ba, amma ina ganin da ya mayar da su gefe guda da ya fi, domin na tabbata akwai masu sha'awar kayan hannu da suke leƙowa, su ga roba, su wuce.

Wanda ya yi haƙuri ya shige ciki zai tarar da abin da ya sa nake komawa. A katako na biyu daga hannun dama akwai turmi da taɓarya waɗanda tsawon turmin bai wuce babban yatsa ba, kuma na ɗauki kusan minti goma ina juya ɗaya daga cikinsu a tafin hannuna. An sassaƙa shi ne daga guntun ice guda, an rarake cikinsa yadda ake rarake babba, an yi masa ƙugu da gindi mai faɗi don kada ya kife, har sawun gizago yana nan a jikinsa ga wanda ya matso da shi kusa da ido. Baba ya zuba ƙwayar gero kamar goma a ciki, ya miƙo mini taɓaryar ya ce in gwada, na daka, geron kuwa ya farfashe. Wannan shi ne ma'aunin da nake auna ƙaramin abu da shi tun da daɗewa: kyan ɗa ya gaji ubansa, kuma ƙaramin turmin da ba ya daka, ko ƙaramin kalangun da ba a iya matse tsirkiyarsa muryarsa ta canja, hoto ne kawai aka yi masa jiki. Yawancin kayan itace da na fata da ke wannan shago sun ci wannan jarrabawa. Ƙaramin kalangun da na saya yana da kango da fata da tsirkiya na gaske, kuma idan aka matse shi da yatsu biyu aka buga da ɗan makaɗinsa, ana jin sautin yana hawa yana sauka, ko da yake sai ɗaki ya yi tsit.

Akwatin gilashin nan kuwa na tsofaffin kuɗi ne, kuma a nan ne na fi daɗewa a kowane zuwa, domin a nan ne sanin mai shagon ya fi bayyana. Yana da aninai da ɗari-ɗari da kwabbai masu huda a tsakiya, na zamanin da ƙasashen Afirka ta Yamma da ke ƙarƙashin Ingila suke kashe kuɗi iri ɗaya, kowanne da tauraron nan mai tsini shida da ake kira hatimin Sulaimanu a bayansa, da rubutun Larabci a gabansa yana faɗin darajarsa. Yaran yanzu suna jin ana cewa wane ba shi da ko anini, amma kaɗan ne a cikinsu suka san cewa anini goma ne kwabo guda, kwabo uku taro, kwabo shida sisi, kwabo goma sha biyu sule, sule biyu fataka, sule ashirin kuma fam. Rabin kwabo ma sunansa ɗari ne saboda lissafin wuri da aka baro, kuma kalmar kuɗi kanta jam'in wuri ce tun asali, wato ɗan farin ƙwanson nan da ake kwasowa daga tekun Indiya, musamman tsibiran Maldibs, yana ratsa hannun fatake har ya iso kasuwannin ƙasar Hausa. Baba yana da wuri cike da ƙoƙo, kuma shi ne yake ba yara gyara idan iyayensu sun yi sayayya.

Aninan farko an buga su ne a 1907, kuma da alminiyam aka yi su, abin da ya sa suke cikin kuɗin alminiyam na farko da aka taɓa kashewa a duniya. Ba su jure gumi da laimar ƙasarmu ba, sai aka koma buga su da wani gamin jan ƙarfe mai launin fari tun daga 1908. Baba yana da guda ɗaya na alminiyam ɗin, wanda ya ci duniya har rubutunsa ya kusa shafewa, kuma idan aka ɗora shi a tafin hannu kamar ba a ɗora komai ba. Ya ce wannan ba na sayarwa ba ne, ban kuwa matsa masa ba, domin ni ma da nawa ne ba zan sayar ba.

Inda ya ci amanata shi ne a kan kwabon 1936. Wannan kwabo yana ɗauke da sunan Sarki Edward na Takwas, wanda ya hau gadon sarautar Ingila a watan Janairu na wannan shekara ya kuma yi murabus a watan Disamba. A can ƙasarsa kuɗi masu hotonsa ba su kai ga shiga hannun jama'a ba, amma da yake kwabonmu huda gare shi a inda kan sarki zai zauna, suna kawai ake rubutawa, sai aka buga shi aka kashe shi a kasuwanninmu. Dillalai da yawa suna amfani da wannan labari su tsuga wa baƙo kuɗi, kuma ni kaina an taɓa sayar mini da shi a wani gari da tsadar da har yau nake jin kunyar faɗa wa iyalina. Da na nuna shi a cikin akwatin, Baba ya ba ni labarin daidai, sannan ya ƙara da cewa kada in ɗauka wani abu ne mai wuyar samu, domin an buga shi da yawan gaske, labarinsa ne ya fi shi tsada. Ya sa masa kuɗi kaɗan sama da na sauran kwabbai. Ɗan kasuwar da zai rage wa kayansa daraja da bakinsa don kada mai saye ya ruɗu, ba kullum ake samunsa ba, kuma daga ranar na daina zargin sauran abin da yake faɗa mini.

Ya kuma yi wata dabara da ta burge ni, wadda nake ba malaman makaranta shawarar su je su gani. Ya jera kuɗin 1959, shekarar da Babban Bankin Najeriya ya fitar da kuɗin ƙasa na kansa, a layi ɗaya a kan baƙin ƙyalle: taro mai auduga, sisi mai koko, sule mai ganyen kwakwar manja, fataka mai gyaɗa. A ƙarƙashinsu ya jera na 1973, lokacin da aka koma naira da kwabo, inda rabin kwabo yake ɗauke da auduga, kwabo biyar koko, kwabo goma bishiyar kwakwa, kwabo ashirin da biyar dalar gyaɗa irin ta Kano, kwabo ɗaya kuwa rijiyoyin mai. Wanda ya dubi layukan nan biyu zai ga abin da ƙasar take ci da shi a kowane zamani, da lokacin da baƙon da ya kori sauran ya shigo, duk a fili wanda bai kai faɗin faifai ba. Zai kuma gane dalilin da ya sa iyayenmu suka ci gaba da kiran kwabo goma sule, kwabo biyar sisi, domin naira biyu ce ta maye gurbin fam guda. Na sayi jerin na 1973 gaba ɗaya, ban da rabin kwabo da nake da shi tun tuni.

Sai dai a wannan akwati ne kuma na ga kuskuren da ya fi ɓata mini rai. A zuwana na uku na tarar yaron shagon, wanda jikan Baba ne, yana zaune a bakin ƙofa da lemon tsami da toka yana goge wasu kwabbai har suna ƙyalli kamar sababbi. A ganinsa gyara yake yi. Amma duk mai tara tsofaffin kuɗi ya san cewa dushewar nan da shekaru suka yi wa ƙarfe wani ɓangare ne na darajarsa, kuma toka tana kankare ƙananan rubutu tana barin zane-zane da ba sa gyaruwa. Na ce masa, "Samari, wa ya sa ka wannan aiki?" Ya ce masu saye sun fi ɗaukar mai haske. Na yi wa kakansa magana, ya tsawata masa a gabana, amma a zuwana na gaba na sake ganin wasu da aka goge a cikin tire. Shawarata ga mai saye ita ce ya nemi waɗanda hannu bai taɓa ba, ya kuma faɗa a fili cewa su yake so, domin suna nan a cikin wani gwangwani a ƙarƙashin tebur.

Kayan fata su ne na biyu a daraja. Ba abin mamaki ba ne a Jos, tunda Naraguta tana nan kusa, kuma dukawanta sun daɗe da yin suna. Akwai ƙananan takalma sau-ciki da ba su wuce ɗan yatsa ba, an yi musu ɗinki da zanen dagi a fuska, da jakunkunan gafaka da 'yar allo za ta iya shiga, da titimi mai faɗin bakin kofi. Jar fatar da aka yi su da ita tana da ƙanshin jima irin ta bagaruwa, kuma jan nata na karan dafi ne, ba fenti ba, abin da mutum zai gane idan ya dubi bayan fatar ya ga yadda launin ya ratsa. Amma abin da na fi so a wannan sashe shi ne tandu. Tandu tun asalinsa ƙarami ne, ba a ƙanƙanta shi don ado ba, domin kwalli da turare da man shafawa aka yi shi ya ɗauka. Yadda ake yin sa abin sha'awa ne: ana gina siffarsa da yumɓu, a lulluɓe ta da ɗanyar fata da aka kankare ta yi laushi, a bar ta ta bushe ta ƙame, sannan a farfasa yumɓun a zazzage shi ta baki, sai fatar ta tsaya da kanta kamar kwalba. Wanda na saya, da na kife shi na bubbuga, sai da ɗan garin jar ƙasa ya zubo a kan farar rigata, na kuwa yi murna da hakan, domin shaida ce cewa ta hanyar gado aka yi shi. Idan aka ɗaga shi saitin rana, haske yana ratsa shi kamar zuma.

Kayan tagulla na Bida suna nan su ma, ƙananan butoci da tasoshi da aka yi wa zane da bugun guduma, da 'yan duwatsun wuya na gilashi irin na unguwar Masaga da ke can Bida, waɗanda ake narkar da kwalabe a yi. Suna da kyau, amma ba su fi waɗanda ake samu a wasu wurare ba, kuma kuɗinsu ya ɗan yi sama.

Na yumɓu ne suka fi taɓa zuciyar uwargidana, wadda na ja ta muka je tare a zuwana na huɗu don ta daina yi mini gorin tarkace. Ta tsaya a gaban katakon da aka jera tulu da randa da tukunyar miya da kaskon turare da asusu, duk ba su wuce ƙwan kaza ba, ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ɗauki wata 'yar tanda mai gurbi bakwai, kowane gurbi bai fi ƙwayar gujiya ba, ta ce irin wannan ce innarta ta saya mata ranar kasuwa tana yarinya, suka yi ta toya wainar ƙasa a bayan ɗaki da ƙawayenta. Baba ya ce mata, "Hajiya, wannan an gasa ta, idan kin sa mata garwashi za ta toya ta gaske." Ita da ta zo yi mini dariya, ita ce ta fita da ƙunshi biyu. A nan na ƙara fahimtar cewa sha'awar ƙananan kaya ba baƙuwa ba ce a gidan Bahaushe, ko da yake ba mu saba kiranta da wani suna na musamman ba. Yarinyar da aka yi wa 'yar tsana, da yaron da ya ƙera motar kara, da amaryar da ta yi jere, da alhajin da ya dawo da 'yar kyamarar nan ta roba da ake leƙawa a ga Ka'aba da Masallacin Madina, duk abu guda suke yi: suna ajiye babban abu a cikin ƙarami don ya zauna kusa da su. Kalmar tsaraba ta ɗauke mafi yawan wannan ma'ana.

A can ƙuryar shagon, a katakon ƙasa, akwai kawunan yumɓu masu idanu kamar kusurwa uku da huda a ƙwayar ido, irin siffar kayan Nok. Ni ba na sayen mutum-mutumi, saboda dalilin addini da ba sai na tsaya bayani ba, kuma na yaba da yadda aka ware su wuri guda, ta yadda wanda ba ya so ba sai ya yi ta cin karo da su ba. Amma na tambayi Baba ko tsofaffi ne, don in ji abin da zai ce. Ya yi dariya ya ce shekararsu ba ta kai ta jikansa na goye ba, wani magini ne yake yi masa su. Wannan amsa tana da muhimmanci a garin nan fiye da ko'ina, domin tarihin Nok da haƙar kuza a haɗe suke: a 1928 masu haƙar kuza suka tono na farko a kusa da ƙauyen Nok, a 1943 kuma aka kawo wa Bernard Fagg, wani Bature mai binciken kayan tarihi, wani kan yumɓu daga wajen garin Jama'a, wanda wani ya kafa a gonar doya don korar tsuntsaye, kuma shi Fagg ɗin ne ya kafa gidan tarihin Jos a 1952. Kayan na ainihi sun haura shekara 2000, kuma dokar 1979 da ta kafa hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa ta hana cinikinsu ko fitar da su waje ba tare da izini ba. Saboda haka duk wanda ya ja ka gefe ya rage murya ya ce yana da na gaske, ko dai maƙaryaci ne ko kuma yana neman jefa ka cikin shari'a. A shagon nan ba a yi mini wannan raɗar ba.

Kusancin shagon da gidan tarihi ya haifar da wani abu da ban taɓa gani a wani wuri ba, wato ƙananan gine-ginen ƙasa. Wanda ya taɓa zagayawa sashen gine-ginen gargajiya na gidan tarihin ya san an kwaikwayi ganuwar Kano da Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani ya gina a ƙarni na 19, da girmansu na sosai. Maginin da yake kawo wa Baba kaya ya ɗauki wannan tunani ya juya shi, yana gina zaure da rumbu da soro a kan faranti. Zauren da na saya tsayinsa bai kai taƙi guda ba, amma yana da zankwaye huɗu a kusurwoyinsa, da indararo, da zanen dagi a saman ƙofa, kuma idan ka haska tocila ta ƙofar za ka ga an yi masa bakan gizo a ciki, an jera tsinkaye a matsayin azara. Babu mai ganin cikin nan idan zauren yana kan kabad, amma duk da haka maginin bai yi ha'inci ba.

Wannan zauren ne kuma ya tona asirin babbar matsalar shagon, wato naɗin kaya. Tsohuwar jarida da baƙar leda su ne iyakar abin da ake da shi. Na shiga Keke Napep da shi a kan cinyata, muka faɗa wani rami a hanyar Bauchi, ina isa gida na tarar zanko ɗaya ya karye. Da na mayar, Baba bai yi gardama ba, ya karɓa ya aika wa maginin, bayan mako biyu aka dawo mini da shi a gyare ba tare da an karɓi ko sisi ba, ko da yake ana ganin tabon idan an duba. Na gode masa, amma ɗan kwali da auduga ba za su kai kuɗin wannan wahala ba. Mai zuwa sayen kayan yumɓu ya taho da robar abinci mai murfi da tsumma daga gida.

Akwai wasu ƙananan kwalabe cike da duwatsu masu launi, da wasu cike da baƙin yashin kuza. Na kuzar na saya guda, domin nauyinta kaɗai ya isa shaida, kuma ɗan Jos da bai ajiye kuza a ɗakinsa ba kamar Bakano ne da bai san dalar gyaɗa ba. Na duwatsun kuwa ban saya ba. Gaskiya ne ana samun duwatsu masu daraja a ƙasar Filato da kewayenta, amma biyu daga cikin waɗanda na duba suna da 'yan kumfa a ciki, alamar gilashi ke nan, kuma Baba da kansa ya ce wannan ba fanninsa ba ne, wani ne ya ajiye masa su a kan la'ada. Da ya bi ta tawa da ya mayar wa mai su. Kusa da su akwai jirgin ƙasa na gwangwanin madara, da kai da taragu uku, wanda ya ce an yi shi ne don tunawa da ƙaramin jirgin da yake tasowa daga Zariya zuwa nan, wanda ya iso a 1914 don ɗaukar kuza aka kuma rufe layinsa a 1957. Ƙafafunsa suna juyawa, amma bakin gwangwanin yana da kaifi, ba abin da za a miƙa wa ƙaramin yaro ba ne.

Game da farashi, babu abin da aka rubuta wa kuɗi a jiki, sai ciniki, kuma na lura kuɗin farko yana ɗan tashi idan mai tambaya ya sauko daga mota. Ni da na saba, turmi da taɓarya naira 2,500 na biya, tandu 4,000, kalangu 6,000, zauren kuwa 12,000 bayan na taya 8,000 ya ce albarka har sau biyu. Idan aka dubi kwanakin da aikin yake ci, ban ga tsada a ciki ba, araha kuwa ba ta ado. Ba a ba da rasit, ba a kuma rubuta inda kaya ya fito ko wanda ya yi shi, duk bayanin yana cikin kan Baba, wanda ya haura saba'in. Wannan ya fi damuna a kan komai, har na kai masa ɗan littafi na roƙe shi ya riƙa sa jikan yana rubutawa. Ni dai a gida kowane abu ina manna masa 'yar takarda a gindi, mai ɗauke da shekara da gari da kuɗin da na biya. Babu na'urar cirar kuɗi a shagon, sai tsaba ko tura kuɗi ta waya. Hasken ciki kaɗan ne ko da akwai wuta, saboda haka lokacin da ya fi dacewa da zuwa shi ne hantsi, kafin azahar, lokacin da rana take shigowa ta ƙofa. Ranar Juma'a ba a buɗewa sai bayan an sauko daga masallaci.

Wata hidima da ba a biyan kuɗinta ita ce shawarar adana kaya, kuma Baba ya san yanayin garinsa. Jos tana bisa tudu mai tsayin kusan mita 1,200, hunturunta yana busar da fata ya tsaga ice, damunarta kuma mai tsawo ce, tana sa fata ta yi hunhuna a cikin rufaffen kabad. Ya koya mini in riƙa shafa wa kayan fata ɗan man kaɗe da bakin tsinke a farkon sanyi, in buɗe kabad ɗin ya sha iska a ranar da aka yi rana cikin watan Agusta, in kuma raba kayan kara da na ƙwarya da sauran, domin su ne ƙwaro yake fara shiga. Tsofaffin kuɗi kuwa ya ce kowanne a naɗe shi a takarda shi kaɗai, kada su riƙa gugar juna, kada kuma a riƙe su sai ta gefe.

Yana karɓar aikin sautu, ga wanda yake da haƙurin jira. Na ba shi sautun ƙaramin sirdi irin na hawan sallah, da likkafa da linzami da jalala, wanda zai zauna a kan dokin ice da ba shi da tsawon tafin hannu, kyauta ga babban jikana da ya sauke Alƙur'ani. Dokin dai na ce a bar shi, sirdin kawai nake so, a ɗora shi a kan ɗan katako. Baba ya ce badukun zai yi fatar cikin mako guda, amma likkafar sai maƙeri ya samu sukuni, domin ƙera ƙaramar likkafa ya fi ƙera babba cin rai, kuma maƙerin nan ba ya son a tsaya masa a ka. Na ba da kafin alƙalami na naira 5,000, aka yi mini alkawarin bayan Babbar Sallah. Uwargidana ta ce idan zan koma in tambaya mata ko akwai ƙaramin murhu da zai dace da tandar nan tata.